Yadda ɗan tudu zai shirya tafiya a ƙaramin jirgin ruwa a gaɓar Afirka ta Gabas

Mutumin da ya tashi a Katsina ko Daura, mafi girman ruwan da idonsa ya saba da shi bai wuce madatsar Zobe da ke Dutsin-Ma ba, ko ta Jibiya, ko ta Sabke, kuma dukkansu ruwaye ne masu zama wuri ɗaya, ba sa tafiya da safe su dawo da rana. Teku kuwa yana da lokutansa, yana da iskokinsa, kuma ba ya jiran kowa. Duk da haka mutanenmu ba baƙinsa ba ne ƙwarai, domin alhazan da suka taka ƙasa ta Chadi da Sudan sai da suka tsallake Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda a jiragen katako, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta jirgin ruwa ya yi tafiyarsa ta 1921, wadda ta kai shi Ingila da Makka. Abin da ya sauya a yau shi ne, ɗan kasuwa ko ɗalibi ko mai hutu yakan sauka a wani gari na bakin teku, a tare shi da tayin yawo a ƙaramin jirgi, ya amsa nan take ba tare da ya san abin da zai duba ba. Wannan bayani na irin wannan matafiyi ne, kuma na zaɓi gaɓar Tanzaniya da Kenya saboda a can har yanzu ana tuƙa jiragen katako da iska, sannan mafi yawan mazauna tsibiran wurin, irin su Zanzibar a Tanzaniya da Lamu a Kenya, Musulmi ne, sallama kaɗai tana buɗe wa baƙo ƙofa. Ba ina magana ne a kan jiragen roba da ake cusa matasanmu a ciki daga Libiya ba, domin wannan ba ta da wani shiri da zai gyara ta.

Shirin yana farawa ne daga gida, da takardu. A fara duba fasfo, a tabbata yana da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare daga ranar da za a shiga ƙasar, da shafuka biyu ko fiye da ba a buga musu hatimi ba. Idan sabo za a yi, ana cike takarda a intanet da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, sannan a je ofishin hukumar shige da fice a ɗauki hoto da zanen yatsu, kuma dole sunan da ke jikin fasfo ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na tikiti harafi da harafi, domin wanda yake Muhammadu a nan, Muhammad a can, zai iya kwana a filin jirgi. Bayan fasfo sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ake nema a hannun duk wanda ya fito daga Najeriya. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A karɓi allurar da gaske a wurin jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa, kada a sayi kati a hannun ɗan kamasho.

Wurin da mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne biza. Mai fasfon Najeriya yana shiga Senegal ko Gana ko Gambiya ba tare da biza ba har tsawon kwana 90 saboda yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS, kuma wannan sabo yakan sa mutum ya ɗauka ko'ina a Afirka haka abin yake. Tanzaniya ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ba a ba mutanensu biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewa, kuma jiran yakan ɗauki makonni, saboda haka a nemi biza tukuna, a sayi tikiti daga baya ko kuma a sayi wanda za a iya sauya ranarsa. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta kuma wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta gwamnatinta a kan dala 44, ko da mutum yana da wata. Hanya mafi sauƙi daga nan ita ce a gangara Kano, tafiyar kimanin kilomita 170 daga Katsina, ko a tafi Abuja, a hau jirgin da ke yada zango a Adis Ababa. A bar jakar leda a gida, domin Kenya ta haramta ta a 2017, Tanzaniya kuma a 2019. A riƙi sababbin takardun dala, tunda masu canji a can suna ƙin tsofaffi, a canza su zuwa shilin a wurin canji mai lasisi, kuma kada a dogara ga katin banki kaɗai.

Kafin a tsayar da watan tafiya, wajibi ne a san iskokin wurin, domin su ne ke mulkin komai. Kamar yadda muke da hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas da iskar damina da ke zuwa daga kudu maso yamma, haka Tekun Indiya yake da iskoki biyu. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar da Waswahili, mutanen gaɓar, ke kira Kaskazi ce ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ita ce ta riƙa kawo jiragen Oman da Indiya shekaru aru-aru. Daga nan sai Kusi ta karɓa daga kudu, ta mayar da su gida, kuma ta fi ƙarfi, musamman a Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da raƙuman ruwa ke tashi har su jiƙa duk wanda ke cikin ƙaramin jirgi. Tsakanin Maris da Mayu ake babban ruwan sama da suke kira Masika, kuma ba lokacin yawo ba ne. A ganina wanda bai taɓa hawa teku ba ya fi dacewa ya nufi Janairu ko Fabrairu, ko kuma Satumba zuwa farkon Oktoba bayan Kusi ta lafa. Ko a cikin yini ɗaya ma akwai bambanci, domin da safe teku yakan kwanta, iska kuma takan ƙaru bayan azahar, shi ya sa fitar farko ta fi kyau da hantsi.

Abu na biyu, wanda ɗan tudu ya fi shan wuyar yarda da shi sai ya gani da idonsa, shi ne cikowa da janyewar teku. Sau biyu a yini ruwa yake cikowa, sau biyu yake janyewa, tsakanin cika da janyewa sa'a shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 a kan na jiya. Wata ne ke jan ruwan, saboda haka wanda ya saba lissafin watan Musulunci ya riga ya sami rabin ilimin: a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata cikowar takan yi yawa ƙwarai, janyewar ma haka, a wajen 7 da 22 kuwa bambancin kaɗan ne. A Zanzibar bambancin yakan kai kusan mita huɗu. A ƙauyukan gabashin tsibirin, irin su Paje da Jambiani, ruwa yakan ja baya da nisa har jiragen da suke yawo da safe su zauna a kan rairayi, alhali a Nungwi da Kendwa da ke arewa ruwan ba ya nisa haka. Tsibirin yashin nan da ake kira Nakupenda, wanda ake kai baƙi daga tsohon birnin Zanzibar, ruwa yakan rufe shi idan ya ciko. Saboda haka idan matuƙi ya ce a tashi, a tashi, ko da ba a gama cin abinci ba. A tashar mota ta Katsina direba yana jiran fasinja ya cika, wani lokaci har a roƙe shi ya ƙara minti goma a je a yi alwala, amma a nan jinkirin rabin sa'a yana iya zama zaman sa'a shida a kan yashi, ko dawowa cikin duhu. Ana samun jadawalin cikowar ruwa a masaukai da kuma a intanet, a duba shi tun da dare kafin ranar fita.

Akwai wani tarko na lokaci da ya kamata a ambata a nan. Agogon Afirka ta Gabas yana gaban namu da sa'a biyu, wannan kam waya za ta gyara shi da kanta. Wanda ba za ta gyara ba shi ne lissafin Waswahili, waɗanda ke fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne «saa moja», wato sa'a ta ɗaya, tsakar rana kuma «saa sita». Idan matuƙi ya ce «saa mbili asubuhi», ƙarfe takwas na safe yake nufi. A nuna masa fuskar agogo a tabbatar, kada a rabu a kan zato.

Jiragen kansu iri-iri ne. Mafi ƙanƙanta shi ne ngalawa, kwalekwale ne da aka fafe daga gungume, aka ɗaura masa itatuwa biyu a gefe da gefe don kada ya kife, kuma na yawo ne kusa da gaɓa cikin ruwa marar zurfi. Sai mashua, matsakaici, wanda aka fi ɗaukar baƙi da shi, sannan jahazi, babban jirgin dakon kaya. Dukkansu suna tafiya da babban ƙyalle mai kusurwa uku da ake ɗaurawa a jikin doguwar sanda, kuma a Nungwi har yau ana sassaƙa su da hannu a bakin ruwa. Gudunsu bai cika wuce kilomita bakwai zuwa goma sha ɗaya a sa'a ba, wanda ya yi lissafin nisa da gudun mota zai ruɗi kansa. Matuƙin jirgin ana kiransa nahodha, kuma da wannan suna ya kamata a kira shi, idan dattijo ne a gaishe shi da «shikamoo», zai amsa da «marahaba». A cikin jirgi maganarsa ce ke aiki, ko da fasinjan alhaji ne mai rumfuna goma a kasuwa.

Kada a biya kuɗi sai an ga jirgin da ido, domin masu tallar yawo a bakin teku da yawansu 'yan kamasho ne, ba su da jirgi. A fara tambayar rigar ceto, a ƙirga ta, a tabbata ta kai yawan mutane, kuma idan akwai yara a tabbata akwai daidai jikinsu, domin rigar babba tana zamewa ta kan yaro da zarar ya faɗa ruwa. A leƙa cikin jirgin a ga ko ruwa ya taru a ƙasansa da yawa. Jirgin katako ba ya rasa ɗan yoyo, kuma ganin yaron jirgi yana kwarfe ruwa jefi-jefi ba abin tsoro ba ne, amma wanda tun yana tsaye a gaɓa ake kwarfarsa ba hutawa, a bar shi. A tambayi ko akwai inji na ko-ta-kwana da isasshen mai, saboda iska tana iya ɗaukewa a tsakiyar ruwa, a tambayi anka da igiyarta, da fitila, da waya mai caji. Sannan a ƙirga mutanen da za a ɗauka. Lodin wuce kima shi ne babban abin da ke kashe mutane a ruwa, daga jirgin Joola da ya kife a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002 da mutum fiye da 1,800, zuwa Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba a Satumba 2011, har zuwa kwalekwalen Bagwai a jihar Kano da ya ci ɗaliban Islamiyya a ƙarshen 2021. Idan aka ga gefen jirgi ya kusa shafar ruwa saboda nauyi, a sauka ko da an riga an biya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A yi ciniki a gama a kan tudu, a fayyace ko kuɗin ya haɗa da abinci da kuɗin shiga wuraren da gwamnati ta keɓe, a ba da rabi, a riƙe rabi sai an dawo. Kafin a tashi kuma a gaya wa mai masauki sunan jirgin da inda aka nufa da lokacin dawowa.

Maganar sutura tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Babbar riga da shadda mai sitaci ba kayan jirgi ba ne, domin idan suka sha ruwa nauyinsu kaɗai ya isa ya ja mutum ƙasa, kuma hannun riga yana kama igiya. Ƙaramar riga mai dogon hannu da wando marar nauyi sun wadatar, kuma ba su saɓa wa mutunci ba. Mata su sa dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga, su ɗaura ƙaramin hijabi mai kama kai, su naɗe dogon mayafi su sa a jaka, musamman idan za a zauna kusa da inji. Hula kuwa a cire ta tun kafin a buɗe ƙyalle. Ni kaina wata zanna-bukar da na ji da ita tana can ƙarƙashin Tekun Indiya. Yawanci ba a samun gadar hawa, sai an taka ruwa zuwa gwiwa kafin a kai ga jirgi, a ƙasa kuma akwai duwatsun murjani masu kaifi da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, saboda haka a nemi takalmin roba mai rufe yatsu. Fasfo a bar shi a ma'ajiyar masauki, a riƙi hotonsa a waya, wayar kuma a sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga. Kada wanda ya saba da ranar Afrilu a Daura ya raina ta teku, domin tana dukan mutum daga sama, ruwa kuma yana mayar masa da ita daga ƙasa, iska tana ɓoye zafin har sai fata ta saɓule. A riƙi ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum, tunda na teku gishiri ne, ƙara ƙishirwa yake yi.

Rigar ceto a sa ta tun a gaɓa, a ɗaure dukkan igiyoyinta, a sa wani ya ɗaga ta daga kafaɗa, idan ta haura har kunne to ta yi sako-sako. A shiga jirgi ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna inda aka nuna. Idan za a juya hanya, ma'aikatan jirgi sukan kewayo da doguwar sandar ƙyallen daga wannan gefe zuwa wancan, a lokacin sai a sunkuya, a janye hannu daga igiyoyi, kuma idan nahodha ya ce a koma ɗaya gefen, nauyin mutane yake so ya daidaita jirgin da shi. Karkatar jirgi idan iska ta cika ƙyalle al'adarsa ce. Abin da ke kifar da shi shi ne mutane su firgita su miƙe tsaye gaba ɗaya, ko su ruga gefe guda don kallon kifi.

Jiri da tashin zuciya ba ragwanci ba ne, suna faruwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa wa motsin da cikin kunne ke ji. Maganinsa a zauna a tsakiyar jirgi inda girgiza ta fi sauƙi, a kafa ido a can inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya, a nisanci hayaƙin inji. Kada a fita da yunwa, kada kuma a cika ciki da maiƙo. Shayi da burodi sun isa, ɗan guntun citta a baki kuma yana taimaka wa mutane da dama. Akwai ƙwayoyin hana jirin tafiya a kantin magani, ana shan su kamar rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin a tashi, amma suna sa barci, mai ciki ko mai wata cuta ya tambayi likita tun a gida. Idan amai ya zo, a juya wa iska baya. Idan kuwa ƙaddara ta sa an faɗa ruwa, kada a yi kokawa da shi, a kwanta rigingine a bar rigar ta yi aikinta, kuma idan jirgin ne ya kife a riƙe shi muddin yana bisa ruwa, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum, gaɓa kuma kullum ta fi yadda ido ke nunawa nisa. Wanda zai iya, ya koyi shawagi a kan ruwa a wurin ninƙaya mai malami tun kafin ya bar gida.

Game da ibada, an sauƙaƙa wa matafiyin teku. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa, inda wani mutum ya yi tambaya a kan masu hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Saboda haka kada a ƙarar da ruwan sha wajen alwala. Wajen hawa mutane sukan karanta abin da Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa a aya ta 41 ta Suratu Hud: «Bismillahi majreha wa mursaha.» Abin da zai ba Bakatsine mamaki shi ne alƙibla, domin mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, a Zanzibar da Lamu arewa ake fuskanta, tunda Makka tana kusan saitinsu ta sama. A yawon rabin yini ya fi sauƙi a tsara fita ta yadda za a yi azahar a kan tudu, amma idan lokaci zai fita ana cikin jirgi, sai a fuskanci alƙibla gwargwadon iko, a tsaya idan tsayuwa ba za ta jefa mutum ruwa ba, in ba haka ba a zauna.

Wajen zaɓen inda za a fara, a bi abin a hankali. Daga tsohon birnin Zanzibar zuwa tsibirin Changuu, inda ake kiwon manyan kunkuru, tafiyar kimanin rabin sa'a ce, kuma ta isa mutum ya gane yadda jikinsa ke karɓar teku. Idan ta yi daɗi, washegari a gwada yawon yini a mashigin Menai daga ƙauyen Fumba. Tsallakawa daga birnin Darussalam da ke gaɓar Tanzaniya zuwa Zanzibar kuwa a yi ta a babban jirgin fasinja mai sauri, wanda ke ɗaukar kimanin sa'a biyu, kada a nemi arha a jahazin dakon kaya, haka nan kada a yarda a tsallaka zuwa Pemba a ƙaramin jirgi, domin ruwan da ke tsakanin Nungwi da Pemba mai zurfi ne kuma mai ƙarfin ja. A Kenya, filin jirgin saman Lamu yana tsibirin Manda ne, ta yadda baƙo yana sauka daga jirgin sama jirgin ruwa zai shiga ya tsallaka zuwa gari, inda jakuna suka maye gurbin motoci a lunguna. Wanda ya daidaita zuwansa da Maulidin Lamu, wanda ake yi a kewayen masallacin Riyadha a watan Rabi'ul Awwal, zai ga tseren jiragen ƙyalle, amma ya kama masauki da wuri, kuma ya tuna cewa a ranakun taro ne masu fito suka fi yin lodi. Daga Lamu ana zuwa kufan Takwa ta wata siririyar hanyar ruwa a cikin itatuwan gaɓa, wadda ba ta biyuwa sai ruwa ya ciko, saboda haka lokacin tashi da na dawowa nahodha ne zai faɗa, a shirya sauran harkokin ranar a kan abin da ya ce.